Haruffa Shida

Ƙarfe ɗayan dare a Tudun Wada,
an ɗauke wuta, batir ya wuce rabi,
sauro na taya ni karatun allo.

Aikin ba yawa, in ji oga da safe:
ka zuba haruffa a jeri,
kowa da gurbinsa, ƙirge daga sifili,
ka cakuɗa su yadda ko boka ba zai canka ba,
ka shirya su a zare ɗaya kamar tsakiya,
su fito kalmar sirri.

Na rasa abin gwaji, sai na sa sunan garin.

Daga na ƙarshe ake farawa.
A jefa ƙuri'a cikin waɗanda suka rage,
wanda ta faɗa wa, su yi musayar gurbi.
A ja da baya taku guda, a sake.
Wanda ya zauna ya zauna, ba a ƙara tashinsa.

Na danna. UNKDAA.
Ba ta ce komai ba.
Na danna. DAKUNA.
Na yi dariya ni kaɗai,
ɗakuna ne, lanƙwasar ce ta faɗi a hanya.
DUKANA. Na ce ai na sha.
NADUKA. Nan ban yi dariya ba.

A biyu ne a ciki, tagwaye,
in sun yi musaya ko uwarsu ba ta ganewa.
Shi ya sa ɗari bakwai da ashirin
ta dawo ɗari uku da sittin.

Yashim ne ya fara nuna min lissafin nan
a bayan takardar tsire,
lokacin gidansu na jingine da namu,
katanga ɗaya,
tukunyar mamarsa da ta innata suna aron murfi.

Shekarar da hayaƙi ya rufe unguwa
ba cakuɗa mu aka yi ba.
Tantance mu aka yi, suna bayan suna:
masu wannan ku haye gada,
masu wancan ku tsaya nan.
Kogi ya zama waƙafi a tsakiyar kalma.
Wanda ya zauna ya zauna.

Yana Sabon Tasha yanzu.
Kuɗin mota bai kai na shayi da burodi ba,
amma rabona da shi tun sunan 'yarsa ta fari.

Ya taɓa ce min na'ura ba ta san sa'a ba,
iri take tsinta daga agogo,
ka ba ta irin jiya, ta maido maka jiya.
Na laluba ko'ina. Ban ajiye irin ba.

Batir saura huɗu.
Wani janareta ya yi tari a layin baya, ya mutu.
Na danna na ƙarshe, don kawai yatsa ya saba.

KADUNA.

Kowa a gurbinsa, kamar ba a taɓa su ba.
Ko tagwayen sun sauya, ban sani ba.

Na ɗauki hoton allon, na tura masa,
ban rubuta ko sallama ba.
Allon ya mutu. Wayar ta rage a tafina.

Can sama, ƙarƙashin sunansa,
ta ce yana rubutu.