Tulu Bakwai

A bayan Shika, inda kwalta ta ƙare,
Baba Barau ya sayi tudu da kuɗin sallamar reluwe.
Aka ce, "Marmara ka saya, dattijo,
nan ko gujiya sai ta yi kuka take fitowa."

Bai tanka ba. Ya haƙa ramuka kamu uku uku,
ya cika da takin awaki da tokar kara,
ya kafa 'yan sanduna kamar tsinken tsire,
ina biye da shi da bokiti mai yoyo,
rabi na zuba, rabi hanya na shanyewa.

Shi ya ce min inabi ba ya son gata.
A fadama ganye yake yi, ya kumbura, ya yi lami,
kamar ɗan da bai taɓa kwana da yunwa ba.
A tsakuwa kuwa saiwa sai ta nutsa,
abin da ta tarar can ƙasa
shi harshe ke ɗanɗanawa.

In ɗari ya sauka, tun kafin assalatu,
sai ya tashe ni: "Lantana, zo ki ji."
Me zan ji? Raɓa kan waya, haƙora na kaɗawa.
Ya ce rana ke zuba zaƙi a 'ya'yan,
sanyin dare ke riƙe musu ɗan tsami,
in ɗaya ya rasa ɗaya, ruwan sukari kike sayarwa.

Layin gabas yana da ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari.
Layin rijiya ya fi girma, ya fi shiga ido,
shi 'yan Kwangila ke rububi.
Na gabas Baba ba ya sayarwa.

Wata shekara wani baƙo ya zo da doguwar mota,
ya tsinki ɗaya, ya rufe ido, ya daɗe yana taunawa.
Ya ce a ƙasarsu tudu irin wannan
sunansa ake bugawa jikin kwalba,
a kwantar da ita shekara ashirin cikin duhu.
Zai saye gonar kaf, giya yake son haɗawa.

Baba ya cika masa kwando kyauta,
ya raka shi har bakin shinge.
"Naka in ya tsufa kai yake juyawa.
Nawa ma yana tsufa, amma miya yake gyarawa."

Ashe a ɗakin baya, inda rana ba ta leƙawa,
kowace kaka yana matse na gabas a tulu,
ya zuba masa tsohon khal, ya ɗaure baki da ƙyalle,
ya rubuta shekara da gawayi.
In na ce a buɗe, sai ya ce, "Da saura.
Gaggawa ba ta san ɗanɗano ba, haɗiya ta iya."

Tulu bakwai ya jera. Bai rubuta na takwas ba.
Ranar da aka yi arba'in na shiga ɗakin,
gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin na biyu da na uku.
Na kwance na fari, na tsoma ludayi.

Tsami ya fara dukana har ƙwalla.
Na jira, kamar yadda ya koya min.
Sai ga tudun a bayansa: tsakuwa, toka,
shekarar da rijiya ta ƙafe muka yi jigila da jaki,
har tarin da yake yi da asuba
na ji kamar yana dawowa.

Bana jemagu sun cinye min layi biyu,
almakashinsa ya dushe, hannuna ya yi kanta.
Jiya na sayo sabon tulu a kasuwar Giwa.
Gawayin yana nan kan taga inda ya bar shi,
ya rage kamar ɗan yatsa.
Zai isa shekara ɗaya rubutawa.