Waya ta Uku

Wayoyi uku nake yawo da su.
Ɗaya ta gida, ɗaya ta ofis,
ta ukun ƙarama ce, gilashinta a tsage,
ba ta ƙara sai dare ya raba,
kuma daji kaɗai ya san lambarta.

Sun koya mini harbi shekara ashirin da suka wuce.
Ba wanda ya koya mini
yadda ake ce wa mai riƙe da rayuka sha ɗaya,
"Barka da dare, ya gajiya?"
Amma hannun da ke bakin kura
ba a fizge shi.

Motar ta tashi daga Kawo da hantsi,
ta wuce Buruku, ba ta isa Udawa ba.
Takalmin yaro ɗaya a kan kwalta,
buhun gishiri ya fashe a gefen hanya.

Na ce, ba ni tsohuwar in ji muryarta.
Inna Laraba, mene ne sunan akuyarki?
Ta ce, Kyauta. An ba ta dusa kuwa?
Na kashe waya, na fita bayan ofis,
na daɗe tsaye a gindin dalbejiya.

Kwana talatin da huɗu.
Shi ya hau sama, ni in sauko ƙasa,
ya yi zagi, in tambayi lafiyar mahaifiyarsa.
Manya suna cewa ba a ciniki da ɓarawo,
da la'asar su kira a hankali: ina aka kwana?
Dangi sun sayar da masara tun tana tsaye.

Muryar nan kuwa na san ta.
Shekara tara baya, a wani ƙauyen Kajuru,
na zauna tsakanin manomi da makiyayi
kan gonar dawa da shanu bakwai.
Wani yaro na riƙe da sandar ubansa, yana kallonmu.
Mun sa hannu, an yi addu'a, an raba goro.
Takardar tana nan cikin durowata.
Diyyar ce ba ta fita ba.

Ran Alhamis da asuba suka fito daga ciyawa.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Goma.
Direban, Mantau, ciwon suga ya riga mu.

An ɗauki hoto. Ni ina can baya,
rabin kafaɗata kawai ta shiga.

Da yamma na tafi Rigasa ba kaki.
Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma,
ta kawo ruwa, ta tsaya tana duban bakina.
Ni da na yi wata guda ina magana da bindiga,
na rasa ta inda zan fara.

Gobe akwai zaman sulhu a Kachia.
Na goge takalmi, na sa wayar a caji.
Ƙarfe biyu saura kwata.
Ga ta nan tana haske.