Ƙyauren Gidanmu na Bolari

Damina uku ruwa na dukan ƙyauren nan ta gabas,
gara kuma ta biyo ta ƙasa tana cin rabonta a ɓoye.
Da na zo hutu daga Fatakwal
na tura shi da kafaɗa, ya yi kukan tsohon jaki.
Na ce, Inna, a sa na ƙarfe kowa ya huta.
Ta ce, ƙarfe, a gidan da ba a ajiye zinari ba?
Je ka kira Bappa Manu.

Ya zo ranar Talata bisa kekensa,
fensir a bayan kunne, kayan aiki cikin buhu.
Ya bi ƙyauren da ƙwanƙwasa, kunne a manne,
kamar mai zaɓen kankana a Tashar Dukku.
Ya ce, maɗaci ne,
kuma wanda ya sassaƙa shi bai san ha'inci ba.
Ciwon a ƙafa yake. Ƙirjin lafiya lau.

Muka kwantar da shi kan turmi biyu a gindin darbejiya.
Ya bi hanyoyin gara da tsinin wuƙa
yana ƙwaƙule ruɓa har sai itace ya nuna ja.
Ya ari rariyar Inna ya tankaɗe garin katako,
ya kwaɓa da gam a murfin gwangwani
har ya yi kaurin tunkuza.
Wannan na manyan ramuka ne. Tsaga kuwa sai foti.

Ya ce, kada ka cika rami tashi ɗaya.
Baki zai bushe, ciki da ɗanye,
jibi ya lotsa ya ba ka kunya.
Ka sa kaɗan, ka jira.
Ni da na zo da kwana biyar ƙidayayyu
na duba agogo. Ya gan ni, bai ce komai ba.

Laraba samfefa, ƙura har cikin gemunsa.
Alhamis fenti.
Da la'asar ƙyaure ya koma mazauninsa
sumul kamar goshin jariri,
na biya ban yi ciniki ba.

Bayan isha Inna ta dawo daga barkar maƙwabta.
Ina zaure na ji tafin hannu yana yawo a kan katako,
sama, ƙasa, sama.
Yana ta daɗe da rufe mata ido,
ni ne ban san da me take gani ba.
Ta ce, Hammadu, ina gurbin?

Shekara talatin Baba na jan motar siminti daga Ashaka.
Kome dare, da kan makulli yake bugawa,
sau uku, wuri ɗaya,
har wurin ya zurma daidai babban yatsa.
Ta ce, daga nan taƙi ɗaya ƙasa, mariƙi ne.
Ta yi shiru.
Ta ce, kuma nakan ɗan tsaya.

Juma'a da hantsi na koma wurin Bappa Manu.
Ya ajiye kofin shayi bai shanye ba.
Ya laluba fentin har ya ji inda sanyin foti yake,
ya sa wuƙar nan, a hankali,
yana cire aikin hannunsa ɓarɓashi-ɓarɓashi.
Ya ce, shekara arba'in ina toshe ramukan mutane,
yau ne aka fara kirana in buɗe.
Na miƙa kuɗi, ya ture hannuna.

Yanzu ƙyauren kore ne shar, sai tabo guda
launin tsohon maɗaci, daidai kafaɗar Baba.
Asabar da asuba mai adaidaita na ta matsa oda,
jaka a hannuna, Inna na addu'a daga ciki,
na ja ƙyauren, bai yi kuka ba.
Na sa yatsana a gurbin.
Ya fi yatsana faɗi.