Igiyar Awo

Ƙarfe uku na dare nake tada su,
ni da butar madara da ƙananan moɗaye goma sha ɗaya.
Ɗakin tamowa na likitar Tawa ba ya barci,
amma shiru gare shi kamar rijiyar da ta ƙafe.
Baƙo sai ya ce lafiya ce.
Ni da na shekara tara a nan, shirun nake tsoro.

Ubana tela ne a bakin kasuwa,
ya auna kafaɗar fatake, ya auna wuyan malamai.
Na gaji igiyar awo, sai dai tawa gajera ce:
kore, rawaya, ja.
Ba ta zagaya komai sai damtsen yaro.

Habsu ta zo daga Bambai bisa kabu-kabu
da Shipkau a goye, wata goma sha huɗu.
Ranar da aka fita shuka aka haife shi,
rumbun da shukar nan ta cika
ya nuna gindinsa tun bazara ba ta kama ba.
Na ja igiya, ta wuce kore ba sallama,
ta tsaya a ja. Ɗari da takwas.

Kakarsa ta ce, “Dubi ƙafafunsa, ai ƙiba ce.”
Na danna da yatsa, na ɗaga,
ramin ya zauna kamar sawun akuya cikin laka.
Gashinsa ya koma gemun masara.
Wanzami ya cire beli, an yi hayaƙi, an sha rubutu.
Ban yi faɗa ba. Na san lissafin:
tiyar hatsi ta fi ƙarfin kaza,
hura ta zama ruwa mai tuna hura,
uban yana Abijan, wayarsa ta daina shiga,
ga wani ciki ya shigo, nono ya janye.
Can kan kwalta manyan motoci na gangarawa
maƙare da albasa,
warinta kaɗai ke tsayawa a tagarmu.

Jikin kwalin madara akwai rubutu iri huɗu,
ɗaya kawai nake karantawa.
Majo ya ce wannan igiyar
ana ɗaura ta a ƙasashen da bakina bai iya sunansu ba,
wai yanzu haka wata mace bayan teku
tana danna ƙafar wani yaro tana jira.
Rediyo na ƙirga su da miliyoyi.
Miliyan ba ta da damtse.
Ni ɗari da takwas na sani.

Kwana shida madara na bin tiyo ta hanci.
Daren bakwai, ruwa na dukan kwano,
na ba shi kurɓi biyu, na ɗauke moɗa zan wuce,
sai ya tsala ihu.
Kuka na fushi, na mai bin bashi,
yatsunsa a hannun rigata.
Habsu ta zabura za ta rarrashe shi,
na ce, “Bar shi!
Don Allah bar shi ya tada ɗakin.”

Gadon da ke kusa da nasa babu kowa.
Shekaranjiya muka naɗe zanen Tekna
muka miƙa wa uwarta. Ba ta kai ga fushi ba.

In ya taka rawaya zan sallame su
da biskit na mako guda,
in ce nasa ne shi kaɗai, magani ne.
Za ta ce to.
Yara uku na jiranta a ƙofar gida,
kuma hatsi bai ko fid da kai ba.

Asuba ta yi. Gindin bedi ya cika da goyo.
Na goge igiya da gefen zanena,
na ce ta farko ta kwance.