Masan Sika

Shekara ashirin da uku ina walda a Suwame,
a tsakiyar Magazin, inda guduma ba ta hutu.
Na mai da motar gawa ta zama ta burodi,
na sa wa tsohuwar bas gado da murhu da taga,
amma ba a taɓa kawo mini aiki irin na Anti Afrakoma ba.

Ta zo ran Talata, ana yayyafi,
da lema, da jakar magani, da kare a bayanta,
tsoho, ja, mai furfura a leɓe.
Sunansa Sika, wai kuɗi ke nan da Asantanci.
Ta ce, “Mamuda, ɗakin da ka yi mini a motar nan ya yi.
Saura masai.”
Na ce akwai.
Ta ce, “Ba nawa ba.”

Yarana suka ajiye sifana don su ji daɗin dariya.

Mararsa ta saki, in ji ta. Ba ya iya riƙewa.
In gosulo ya kama ku a Kejetiya,
ruwa na zuba, aboboya ta tokare ƙofa,
ina za ki fitar da shi?

Muka fara da jarida.
Birki ɗaya a shataletale, labarai suka tafi ƙarƙashin kujera
da abin da ke kansu.
Muka koma daro da yashi.
Ramin hanyar Abuwabo ya raba yashin
har cikin tukunyar shinkafa.
Ta sayo ciyawar roba a Adum, sidi ɗari da tamanin,
kore shar kamar filin ƙwallo.
Sika ya shinshina, ya zagaya sau biyu,
ya kwanta a kai ya yi barcinsa.
Kunzugu kuwa, kafin Azahar ya yayyage shi,
ya zauna yana kallonmu kamar mun zagi ubansa.

Ni ban taɓa shi ba, in faɗi gaskiya.
Da ya lashi kwanon shayina
sau bakwai na wanke, kamar yadda aka koya mini.
Amma aiki aiki ne.
Na lanƙwasa gorar ruwa na yi aljihu mai zamewa
a gindin matakala,
na ɗora raga, na zuba dusar katako daga Sokoban,
na huda ƙasan, na sa tiyo da ƙaramar jarka,
na ɗaure kusurwa huɗu da noti don kada ya motsa.
Ko likita ya gani sai ya yaba.

Kwana uku kare ya ƙi.
Yana rawar jiki, yana kuka ƙasa-ƙasa, yana duban ƙofa.

Ran na huɗu ta hau tasi ba ta ce komai ba.
Ta dawo da Magariba, zanenta duk laka,
da ƙasa da ciyawa a leda, saiwa da komai.
Gidan da ta sayar bayan rasuwar mijinta ta je.
Ta roƙi sabon mai gida
ya bar ta ta haƙa gindin lemo, taƙi biyu kawai,
inda maigidan yakan tsaya da asuba da fitila
yana jiran kare ya gama.

Ta shimfiɗa a kan ragar.
Sika ya sa hanci. Ya daɗe.
Sai muka ji tiyo yana ɗiga.

Babu wanda ya yi dariya.
An ce sabo turken wawa,
to, ranar ban san ko wane ne wawan ba.
Kakana ma da ya zo fataucin goro ya ƙi komawa,
har ya mutu akwai ƙullin jar ƙasa a ƙasan adakarsa,
mu muka zubar, muna tsammanin tsohon magani ne.

Jiya ta kira daga bakin tafkin Bosomtuwi.
Wai tana ba ciyawar ruwa safe da yamma,
wai jarkar tana yoyo kaɗan ta wajen murfi.
Na ce ta naɗa leda kafin ta dawo.

Yaran yanzu injiniyan masan kare suke ce mini.
Ina amsawa.