Jan Tsuntsun Kan Dutse

Na sauka daga aikin dare a asibitin Hilo,
idanuna kamar an watsa musu yashi,
sai ga Leimomi a ƙofa da fulas ɗin shayi
da madubin nan mai jawo nesa kusa.
Alkawari kaya ne. Na shiga mota.

Mun bar ƙauyen Volcano yana barci cikin yayyafi,
gajimare ya sauko yana lasar rufin gidaje.
Hanya ta yi ta hawa, ta yi ta hawa,
har kunnuwana suka toshe.

A bakin daji mun tarar da wani tsoho daga Ohayo,
gwiwa ɗaure da bandeji, littafi a aljihu.
Ya ce shekara talatin yana ƙirga tsuntsaye,
saura layi ɗaya bai cike ba.

Apapane sun cika itatuwa da surutu
kamar 'yan talla ranar kasuwa, ba wanda ya kula su.
Amakihi ya gifta, kore shar, aka ce ba shi ba ne.
Omao ya yi magana daga duhuwa, ya ƙi fitowa.
Muka tsaya. Sanyi ya shiga takalmina.

Can sai wani ƙara,
kamar an tura ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba.
Leimomi ta damƙe hannuna: I'iwi.

Ja wur. Fukafukai baƙi ƙirin.
Baki lanƙwashe kamar laujen yankan shinkafa,
ya zura shi cikin furen lehuwa yana sha,
ko kallo ba mu ishe shi ba.
Tsohon ya cire hula, leɓensa na rawa.

Ta raɗa mini: a zamanin kakata har gangare suke sauka.
Sauro ya koro su, da zazzaɓinsa.
Sanyin kan dutse ne katangarsu,
kuma katangar kullum ja da baya take.

Zazzaɓi.
Na sauke madubin.
Na ga Sallau, ƙanena, shekara huɗu,
a tabarmar Inna, daminar da rafin Malumfashi ya cika,
jikinsa kamar tukunyar da aka sauke yanzu,
gidan sauronmu da hujin da muka ce gobe za a ɗinke.
Mu ba mu da dutsen da za mu hau da shi.

Tsuntsun ya tashi. Reshe ya ɗan yi lilo, ya tsaya.
Tsohon ya ja layinsa, ya nemi in duba ko ya rubuta daidai.
Na ce daidai ne, ban karanta ba.

Da muka sauko Hilo, zafi ya dawo,
wani abu ya sauka a damtsena.
Na kai masa mari.
Ɗigon jini a tafina,
ja wur.