Ta Goma Sha Ɗaya a Layin Thornsett

Biyar saura kwata aka sauke mu,
gari bai waye ba, ana yayyafi.
Ni da Sajan Mottram, hula a jiƙe,
umarni a aljihu: a tsare shinge,
wanda ya ƙetare a kama shi.

Layin Thornsett. A nan na yi rarrafe.
Ban gaya wa Sajan ba.

Bishiya goma sha huɗu ce a jere,
an ɗiga wa kowace jan fenti a ƙugu
kamar tumakin da aka ware wa mahauta.
Goma sun kwanta tun makon jiya.
Kututturansu na nan, fari fat,
wani ya aje wa ɗaya fure a kofin shayi.

'Yan kwangila sun gama kafa ƙarafa.
Wani yaro, Kacper, igiya a kafaɗa,
yana hura tafin hannu, ya ce da ni:
"Ba ni na zana taswirar ba.
Kan kowace bishiya ake biyanmu,
kuma Juma'a mai gida zai zo karɓar haya."

Sai ƙofofi suka fara buɗewa.
Rigunan barci, takalman roba,
wata na dukan tukunya da ludayi,
wani na ɗaukar mu hoto, hannunsa na rawa.
Ban ga sa'ad da ta sulale ba.
Na dai waiga, ga ta cikin shinge,
ta jingina baya da gindin bishiya,
ta ɗora jaka a cinya kamar mai jiran bas.

Misis Ollerenshaw.
Saba'in da shida. Ita ta koya mini karatu.

Daga tsallake Mista Pickersgill ya turo kekensa:
"Ku sare ta! Saiwarta ta ɗaga daɓe,
sau biyu tana kifar da ni a gefen titi.
Ku masu ƙafa, inuwa kuke gani,
ni ƙasa nake kallo."
Ba wanda ya ba shi amsa.
Gaskiya biyu a layi ɗaya,
ni kuwa ankwa ɗaya ce a ɗamarata.

Sajan ya yi mini nuni da haɓa.
Na durƙusa gabanta, gwiwa a laka.
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Bryony Haigh. Har yau kina cin farce?"
Na fara karanta mata haƙƙinta,
kalmomi na tuntuɓe a bakina.
Ta ce, "A hankali. Tsaya inda aya take."
Na tsaya. Na sake daga farko.
Ban sa mata ankwa ba,
hannuna ta kama ta miƙe,
ta kaɗe siket, ta shafi ɓawon sau ɗaya
yadda ake shafa kan yaro a ƙofar aji.

Muna cikin mota zarto ya tashi.
Ba ta juya ba. Agogonta take kallo.
Da ƙasa ta girgiza ta ce, "Minti arba'in.
Shekara casa'in, minti arba'in.
Ki rubuta wannan ma a littafinki."

Da yamma na biyo ta layin, ba kaki.
Sama ta yi yawa.
Tagar ɗakin da na girma ta fito tsirara,
hankaki biyu na kewaya wurin da babu reshe.
Daɓen na nan a ɗage, saiwa ba ta ji labari ba.
Mista Pickersgill ya zo daidai kututture,
ya tsaya, ya duba, ya sauka kan titi
ya zagaye, kamar kullum.

A gida na cire takalmi,
garin katako ya zubo a kan tabarma,
da ɗanshinsa, da ƙamshinsa.
Na ɗauko tsintsiya.
Na daɗe a tsaye da ita a hannu.